Wi-Fi a Zangon Talabijin: Yana Cin Nisa, Amma Nawa Yake Iya Ɗauka?

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin talabijin na da, irin mai eriya a kan doguwar gora, ya san tsakanin tasha da tasha akwai wuraren da ba a ganin komai sai yayyafin fari da baƙi, kunne kuma yana jin shuuu. Ba akwatin ne ya lalace ba. Gurabe ne da aka bari fanko da gangan. Tashar analog mai ƙarfi ba ta zama lafiya da wata tashar a gurbin da ke manne da nata, kuma tasoshi biyu ba sa hawa gurbi ɗaya sai an raba tsakaninsu da nisa mai yawa. Shi ya sa masu rabon zango suka riƙa tsallake gurbi, wanda kuma aka ba wani gari sai a hana shi ga garuruwan da ke kewaye.

A Afirka da Turai zangon UHF na talabijin, wato yankin igiyoyin rediyo da aka ware wa tasoshin, ya tashi daga megahaz 470, yanzu ya tsaya a 694 (megahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiyar rediyo ne, dubu ɗaya nasa ne gigahaz ɗaya). An yanka shi gurabe 28, kowanne faɗinsa megahaz 8. A Amurka faɗin gurbi megahaz 6 ne. A babban birni za ka tarar an cika da dama daga ciki, amma da zarar ka fita karkara yawancinsu ba kowa. Komawa tsarin dijital ya ƙara yawan guraben, domin gurbi ɗaya da a da tasha guda ke cinyewa, yanzu yana ɗaukar tasoshi fiye da goma.

Daga nan injiniyoyi suka fara tambaya: me zai hana a saki waɗannan gurabe ga intanet, kowa ya shiga ba tare da sayen lasisi ba, yadda aka yi wa Wi-Fi? Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince a ranar 4 ga Nuwamban 2008, ta kammala ƙa'idojin a Satumban 2010. Cibiyar IEEE, mai tsara ƙa'idojin da na'urori ke fahimtar juna da su, ta fitar da 802.22 a 2011 domin karkara mai faɗi, sannan 802.11af a 2014, wanda shi ne ainihin Wi-Fi da aka sauko da shi zangon talabijin. An yi ta kururuta shi a lokacin. Yau fiye da shekara goma ke nan, ka duba wayar da ke hannunka, ba ta da shi. Dalilin yana cikin yadda abin ke aiki a zahiri, don haka bari mu bi shi daki-daki.

Batun nisa gaskiya ne, ba talla ba. Wi-Fi na gida yana aiki a gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Tsawon igiyar rediyo a 2.4 santimita 12 da rabi ne, a 5 kuwa santimita 6. A megahaz 600, tsakiyar zangon talabijin, tsawonta rabin mita ne. Doguwar igiya ta fi ratsa bango da ganye, ta fi kuma lanƙwasawa ta bayan tudu ko gini. Ko a fili fetal, idan eriyoyin iri ɗaya ne, saukowa daga 2.4 zuwa megahaz 600 yana ba da ribar desibel 12 (desibel ma'aunin ƙarfin sigina ne), wato ƙarfin siginar da ke isowa ya ninka kusan sau 16. Akwai wata riba kuma da ba a cika faɗa ba. Sigina ba ta zuwa ta hanya ɗaya. Wata tana zuwa kai tsaye, wata ta bugi dutse ko gini ta iso a makare, su cakuɗe. Wi-Fi na gida yana barin ɗan jinkiri na mikrosakan 0.8 (mikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa) tsakanin saƙo da saƙo domin masu makarar su gama isowa, abin da ya yi daidai da bambancin hanya na mita 240. A 802.11af mai gurbin megahaz 8 jinkirin mikrosakan 4.5 ne, wato mita 1,350. Don haka ya fi jure wa fili mai duwatsu da kwaruruka.

To amma ribar desibel 12 ɗin nan tana da sharaɗi, kuma masu talla ba sa son ambatonsa. Ta tabbata ne idan eriyoyin biyu suna tattara sigina daidai wa daida. A gigahaz 5, eriya mai siffar faranti da faɗinta bai wuce santimita 60 ba tana tattara sigina wuri guda har ta ba da kusan desibel 30, kuma kuɗinta ba yawa. A zangon talabijin, eriya mai haƙarƙari da ta fi mita ɗaya tsawo da kyar take wuce desibel goma sha wani abu. Ka ga ke nan idan turke biyu, wato dogayen ƙarafan da ake ɗora eriya a kai, suna hangen juna ba abin da ya gitta, gigahaz 5 ne ke yin nasara, da rata ma. Zangon talabijin yana nuna kansa ne inda ba a hangen juna: inda kurmi, ko tudu, ko gine-gine suka shiga tsakani.

Ko a nan ɗin ma sai an ɗaga turke. Igiyar rediyo ba ta tafiya a siririn layi, tana buƙatar sarari kewaye da layin, kuma sararin ya fi kumbura a tsakiyar hanya. A tazarar kilomita 10, kumburin yana kai wa kusan mita 12 ta kowane gefe a gigahaz 5, amma a megahaz 600 kusan mita 35 ne. Wanda ya kafa eriya a kan rufin aji, mita biyar daga ƙasa, ƙasar da kanta ta cinye masa wani kaso na siginar tun kafin a zo batun bishiya.

Sai batun sauri, inda gizo ke saƙa. Yawan datar da hanya ke ɗauka ya danganta da faɗinta. Rautar gida ta yau, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, tana buɗe megahaz 80 a gigahaz 5, kuma da eriya ɗaya tak tana kai wa megabit 433 a daƙiƙa. Gurbin talabijin megahaz 8 ne kacal. Iyakar abin da 802.11af ke bayarwa a gurbi ɗaya da eriya ɗaya shi ne megabit 35.6, a gurbin Amurka mai megahaz 6 kuwa 26.7. Wannan ma sai kana kusa, sigina garau. Kana nisa na'urar tana rage gudu mataki-mataki domin kada saƙo ya lalace, har ta sauko matakin ƙarshe na megabit 2.4. Ma'ana, a can bakin iyakar da ake alfahari da kaiwa, abin da ke isa ke nan, kafin a cire kason da tsarin ke ci wajen gaisuwa tsakanin na'urori da tabbatar da isar saƙo.

A takarda akwai babbar lamba: megabit 568.9. Ana samun ta ne idan an haɗa gurabe huɗu aka kuma yi aiki da eriya huɗu lokaci guda. Gurabe huɗun ba ko'ina ake samun su a jere ba, ƙa'idar kuma ta yarda ne a haɗa su a dunƙule ɗaya ko biyu, ba a tsinto su ɗaya-ɗaya daga ko'ina ba. Eriya huɗun kuwa, domin kowace ta ji abin da ya bambanta da na 'yar'uwarta, ana so a raba su da kamar rabin tsawon igiya. A gigahaz 5 santimita 3 ke nan, shi ya sa ake cusa eriyoyi da dama a cikin waya. A megahaz 600 santimita 25 ne tsakanin kowace biyu. A kan turke ba matsala. A aljihu ba zai yiwu ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda nisan da kansa ke zama matsala. Wi-Fi ba shi da mai rabon magana. Dokarsa ita ce kowace na'ura ta saurara, in ta ji shiru ta yi magana, in ta ji wani na yi ta dakata na ɗan lokaci ta sake gwadawa. A zaure, inda mutum shida ke zaune gaban mai unguwa kowa na jin kowa, wannan doka ta wadatar. Amma a ce zaman ya koma filin Idi, mai unguwa na tsakiya, wani na kusurwar gabas wani na ta yamma. Kowannensu yana jin mai unguwa, ba ya jin ɗan'uwansa. Duka biyun za su ji shiru, su ɗaga murya lokaci guda, mai unguwa bai fahimci ko ɗaya ba, sai kowa ya maimaita. Haka take faruwa da gidaje biyu da ke ɓangarori daban na turke, musamman da yake kowanne ya juya eriyarsa ta fuskanci turken, ta ba maƙwabci baya. Akwai dabarar neman izini kafin magana, na'ura ta aika ɗan gajeren saƙo turke ya amsa kowa ya ji, amma ita ma lokaci take ci daga hanyar da dama can ƙunci gare ta.

Ga kuma lissafin fili. In nisan da sigina ke kaiwa ya ninka sau uku, filin da take rufewa ya ninka sau tara, masu jiran a yi shiru su ma sun ninka haka. Bangon da ke raunana Wi-Fi na gida yana yi mana wani aiki da ba mu lura da shi: shi ne ke hana rautarka damun ta maƙwabcinka, har gidaje ɗari a unguwa ɗaya su yi amfani da zango ɗaya kowa da nasa. Siginar da ke ratsa bango ta rasa wannan kariya. Saboda haka a cikin birni mai cunkoso, inda dama guraben suka fi ƙaranci, nan ne kuma tsarin ya fi saurin shaƙewa.

Akwai wani ciwon kuma. Wi-Fi yana raba wa na'urori damar magana ne, ba lokaci ba. Wanda ke nesa yana tafiya a megabit 2.4, in damarsa ta zo, zai riƙe hanya fiye da sau goma na lokacin da na kusa zai riƙe domin aika saƙo mai girma ɗaya. Gida ɗaya a bakin iyaka yana iya jawo saurin kowa ƙasa. Mu ɗauka, don misali kawai, turke yana fitar da megabit 20 na zahiri, gidaje 40 na kansa. In duk suka hau lokaci guda bayan sallar isha'i, kowa rabin megabit zai samu. Saƙon WhatsApp zai wuce, muryar ma za ta wuce, amma bidiyo sai haƙuri. Shi ya sa masu tsara 802.22, da suka nufi tazarar kilomita gommai, ba su bi dokar saurare ba sam. A nasu tsarin turke ne ke yanka lokaci ya ba kowa rabonsa. Shi kuwa 802.11af an yi shi ne domin tazarar da ba ta wuce kilomita guda ko makamancin haka ba.

Duk wannan kafin a zo ga masu gida, wato tasoshin talabijin. Mai amfani da gurbin da ba kowa baƙo ne a zangon: ba shi da izinin damun kowa, in kuma an dame shi ba inda zai kai ƙara. A ƙa'idojin farko na Amurka, na'urar da aka kafa wuri guda ba ta wuce wat 4, ta hannu kuwa miliwat 100, in gurbin na manne da na wata tasha a rage zuwa miliwat 40. Tsakanin wat 4 da miliwat 100 ninki 40 ne. Sakamakon shi ne na'urar hannu tana jin turke sarai, turken kuwa ba ya jin amsarta, kuma hanyar da ba ta da dawowa ba hanya ba ce. Nisan gaskiya na ƙaramar na'urar ne, ba na turke ba. A ɗaya gefen kuma tashar talabijin tana watsa dubban wat, wasu dubu ɗaruruwa. Ko da gurbinka fanko ne a takarda, ƙarfin maƙwabciyar yana malalowa ya toshe kunnen na'urarka in ba ta da matatar sigina mai kyau, matatar mai kyau kuma kuɗi ce.

Ta yaya na'ura ke sanin gurbin da ba kowa? Da farko an so ta riƙa saurare da kanta, har FCC ta sa sharaɗin ta iya jin sigina mai rauni ƙwarai, ƙasa da abin da akwatin talabijin ke iya nunawa. Dalili shi ne na'urar da ke bayan tudu tana iya kasa jin tasha, ta ɗauka ba kowa, alhali gidan da ke kan tudun yana kallo. Masu tasoshi sun yi ta ƙorafi, haka ma coci-coci da gidajen wasan kwaikwayo da filayen wasanni, domin makirufo marar waya shi ma a wannan zango yake aiki. A 2010 aka janye wajabcin saurare ga na'urorin da ke tambayar rumbun bayanai. Yadda abin yake shi ne: na'ura ta gano inda take ta GPS, ta aika wa rumbun ta intanet, rumbun ya duba rajistar tasoshi da taswirar ƙasa, ya amsa mata da guraben da za ta iya hawa. Bayan wani lokaci ta sake tambaya. Birtaniya ta bi wannan hanya, hukumarta Ofcom ta buɗe zangon a ƙarshen 2015, Afirka ta Kudu ta fitar da nata ƙa'idojin a 2018. Sai dai a lura, rumbun talabijin da makirufo yake karewa. Kamfanoni biyu na intanet da suka tambaya daga gari ɗaya za a iya ba su amsa ɗaya, su hau gurbi ɗaya, su yi ta karo.

Gwajin da ya fi koyar da mu a wannan nahiya shi ne na birnin Cape Town a 2013. Google da cibiyar bincike ta CSIR Meraka da TENET, mai haɗa jami'o'in ƙasar da intanet, da wasu abokan aiki suka kafa na'urori a tsangayar koyon likitanci ta Jami'ar Stellenbosch da ke Tygerberg, suka haɗa makarantu goma na tsawon wata shida. An zaɓi birnin da gangan saboda zangon talabijin ɗinsa a cike yake. In ba a dami kowa a can ba, ba za a dama a karkara ba. Ba a kuwa samu ƙorafin katsalandan ba, kuma an kai megabit 12 a tazarar da ta kai kilomita 6 da rabi. Wannan sakamako ne mai kyau ga makarantar da ba ta da komai. Amma a dubi siffarsa: makarantu goma ne, kowace da eriya a kan rufi tana fuskantar turke, ba ɗaruruwan wayoyi suna yawo ba. A shekarar ne kuma Microsoft ta tallafa wa aikin Mawingu a Nanyuki ta ƙasar Kenya, da turaku masu aiki da sola, aka yi wani gwajin a Zomba ta Malawi, daga baya aka yi a Koforidua ta Gana. Kusan duka siffarsu ɗaya ce. Zangon talabijin ya ɗauko intanet daga gari ya sauke a kan rufin makaranta ko asibiti, daga nan rauta ta yau da kullum ta raba wa wayoyi a gigahaz 2.4. Wato abin da aka yi wa laƙabi da Wi-Fi ya ƙare ne a matsayin mai kawo kaya bakin ƙofa, rabon cikin gida kuwa ya bar wa tsohon Wi-Fi.

A ganina kasuwa ce ta yanke hukuncin fiye da kimiyya. Ana ƙera ƙwaƙwalwar Wi-Fi biliyoyi a shekara, shi ya sa ta yi arha har ake sa ta a kwan fitila. Na'urar zangon talabijin kuwa ƙananan kamfanoni ne ke yin ta kaɗan-kaɗan, mafi yawa kowa da nasa tsarin da ba ya magana da na wani, farashi ya ƙi sauka. Manyan masu ƙera waya ba su shiga ba, kuma suna da hujja, domin zangon da kansa raguwa yake yi. A yankinmu an fara yanke megahaz 790 zuwa 862 aka ba kamfanonin waya, sannan 694 zuwa 790 ya bi. A Amurka gwanjon da aka kammala a 2017 ya kwashe megahaz 84 daga talabijin, ya tara kusan dala biliyan 20, sauran tasoshin aka matse su a guraben da suka rage. Wa zai zuba jari a kan filin da gwamnati ke iya sayarwa gobe? Su kuwa kamfanonin waya da suka sayi zangon megahaz 700 da 800, ribar nisan nan da ratsa bango ita suke ci da 4G, da lasisi a hannu, da wayoyin da ke aljihun mutane tuni.

A Najeriya akwai ƙarin sarƙaƙiya. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin barin analog a zangon UHF, ba mu cika ba. An ƙaddamar da dijital a Jos a Afrilun 2016, Abuja a Disambar shekarar, Kano sai Nuwamban 2021. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta gabatar da daftarin ƙa'idojin amfani da guraben a farkon 2020, amma tasoshin talabijin a hannun NBC suke, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, don haka sai hukumomin biyu sun haɗa kai. Rumbun bayanai kuwa ba ya fin rajistar da aka ɗora shi a kai inganci. In takarda ta ce akwai tasha a gari alhali injinta ya shekara biyar a kashe, an kulle gurbi a banza. In kuma tasha na watsawa ba a rubuta ainihin inda turkenta yake da ƙarfinta ba, za a saki na'ura a kanta. Garuruwan bakin iyaka, inda ake kama tashar maƙwabciyar ƙasa, sai an haɗa da rajistar can ma. Makirufon da ake wa'azi da shi ko ake biki da shi, wanda aka saya a kasuwa aka kunna, babu rumbun da ya san da zamansa.

Duk da haka akwai inda ba na ganin abin da ya fi shi. Ba filin da ya miƙe fetal ba, kamar yawancin ƙasar Katsina ko Jigawa, inda dogon turke da farantin gigahaz 5 za su yi aikin da arha. Wurare nake nufi irin kudancin Kaduna, da tsaunukan Filato, da Mambila, inda ƙauye ke bayan dutse ko cikin kurmi, mutane ba su da yawan da kamfanin waya zai kafa musu turke, kuma kuɗin wata na Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, da ya shigo ƙasar a Janairun 2023, ya fi ƙarfin asibitin ƙauye guda. A irin wannan wuri guraben suna da yawa, masu gasa ba su da yawa, megabit goma kuma ya isa a aika bayanan marasa lafiya da sakamakon jarrabawa. Wanda zai kafa irin wannan hanya, kafin ya biya kuɗin na'ura, ya sa a auna gurbin da na'urar awo a wurin da za a kafa, dare da rana, kada ya dogara da takarda. Ya tambayi saurin aikawa daga ƙauye zuwa turke, ba na saukewa kaɗai ba. Ya tambaya ko turken ne ke raba lokaci ko kowa saurare yake yi. Gwajin kuma a yi shi da damina, lokacin da mangwaro da darbejiya suka cika da ganye jiƙe da ruwa, domin hanyar da ta yi aiki a watan Maris ba lalle ta kai Agusta ba.